Kan Zaki A Bango: Yadda Shari'a Ke Kallon Farautar Alfahari

 

A daren 1 ga watan Yulin 2015, a bakin gandun dajin Hwange da ke yammacin ƙasar Zimbabuwe, wani likitan haƙori ɗan Amurka mai suna Walter Palmer ya ɗana kibiya ya harbi wani zaki. Zakin ya baro cikin gandun, inda doka ta hana a taɓa shi, ya biyo warin mushen giwa zuwa wani fili da ke maƙwabtaka. Kibiyar ba ta kashe shi nan take ba. Ya ja jiki ya faɗa duhuwa da rauni, ya kwana yana ɗanɗana kuɗarsa, sai da aka shafe fiye da sa'o'i 10 kafin maharban suka bi sawunsa suka ƙarasa shi. Suka feɗe fatar, suka datse kan, suka bar gangar jikin a nan. Kimanin dala 50,000 likitan ya biya domin wannan aiki, kuma abin da yake so ya tafi da shi gida shi ne kai da fatar, a gyara su a rataya a bango, duk wanda ya shigo ya san mai gidan ya taɓa kashe zaki.

Da wani zakin ne, da labarin ya mutu a dajin. Amma wannan yana da suna. Cecil ake kiransa, ɗan shekara 13, mai baƙar geza, wanda masu yawon buɗe ido suka saba ɗaukar hotonsa, kuma tun 2008 masu bincike na Jami'ar Oxford suke bin sawunsa, akwai ma na'urarsu a wuyansa. Cikin 'yan makonni duniya ta ɗauka. Masu zanga-zanga suka yi dafifi a ƙofar asibitin likitan a jihar Minnesota har ya rufe shi na wani lokaci. Manyan kamfanonin jiragen saman Amurka, irin su Delta da United, suka sanar da cewa sun daina ɗaukar kawunan zaki da giwa da damisa da karkanda da ɓauna. Faransa ta hana shigo da kan zaki ƙasarta. Aka tara wa masu binciken gudummawar da ta haura dala miliyan 1. Shi kuwa Palmer, hukumomin Zimbabuwe sun ce takardunsa sun cika, ba a gurfanar da shi ba, kuma a 2016 kotu ta yi watsi da tuhumar da aka yi wa ƙwararren maharbin da ya yi masa jagora.

Ana cikin wannan hayaniya ne wani ɗalibi ɗan Zimbabuwe da ke karatun digiri na uku a Amurka, Goodwell Nzou, ya rubuta maƙala a jaridar New York Times. Ya ce shi bai taɓa jin sunan Cecil ba sai da ya mutu. Ya ba da labarin yadda wani zaki ya addabi ƙauyensu yana yaro, ya hana mata zuwa rafi su kaɗai, ya hana yara hira da dare, da yadda aka yi murna ranar da aka kashe shi. Shi kansa marubucin sarar maciji ce ta raba shi da ƙafa ɗaya yana ɗan shekara 11. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda mutanen da ba su taɓa zubar da hawaye don yaran ƙauyensu ba suke kukan zaki.

Mu a ganinmu, abin da wannan lamari ya tona ya wuce batun zaki guda. Ya nuna irin ma'aunin da mutane ke auna ran dabba da shi. Maharbin ya auna da kuɗi: tunda ya biya, ran ya zama nasa. Masu zanga-zangar kuma, da yawansu sun auna da suna da kyawun siffa, domin a shekarar da aka kashe Cecil an kashe ɗaruruwan zakuna ta irin wannan hanya ba tare da kowa ya ɗaga kwali ba. Shari'ar Musulunci tana da nata ma'aunin, kuma bai dogara da farashi ko shahara ba. Tambayar da take yi ita ce, da wane haƙƙi aka ɗauki wannan ran?

Bari mu fara da abin da ba a saɓa a kansa ba. Farauta halal ce. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da karnuka da tsuntsayen da aka horar suka kamo, matuƙar an ambaci sunan Allah, kuma ta haramta farautar tudu ga wanda ke cikin harami, har ta ɗora masa fansa idan ya kashe da gangan. Sahabbai irin su Adiyyu ɗan Hatim da Abu Sa'alaba (R.A) maharba ne, sun yi wa Manzon Allah (S.A.W) tambayoyi kan kibiya da kare, ya amsa musu ba tare da ya hana su sana'arsu ba. Saboda haka duk mai neman ya shigo mana da ra'ayin cewa kashe dabba laifi ne ta kowace fuska, to ba daga addininmu ya samo shi ba. Sai dai halaccin izini ne daga Mahaliccin dabbar, kuma izinin yana da dalili da iyaka. Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar yadda mu ma muke al'umma. Wanda aka ba izinin ya ci daga wata al'umma don buƙatarsa, ba a ba shi izinin ya yi wasa da ita ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun fayyace wannan iyaka tun da daɗewa, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta wurin. A can an karhanta farautar da aka yi don nishaɗi kawai, aka halatta wadda aka yi don wata buƙata. Ya kamata mu lura cewa karhancin yana kan wanda zai yanka ya ci ne, amma shagala ce ta fitar da shi daji. Wanda kuwa ya farauci dabbar da ake ci ba tare da niyyar yanka ba, Shehu Halilu a Mukhtasar ɗinsa haramci ya hukunta masa. Masu sharhi suka ce dalilin shi ne wannan wasa ne da rai, da azabtarwa ba tare da amfani ba.

Akwai hadisin da Imamu Nasa'i ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru (R.A), wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya kashe ɗan tsuntsu irin gwara, ko abin da ya fi shi, ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi. Da aka nemi sanin haƙƙin, sai aka bayyana cewa shi ne ya yanka ya ci, kada ya cire kan ya yar. Malaman hadisi sun yi maganganu kan isnadinsa, wasu sun kyautata shi wasu sun raunana, amma ma'anarsa tana da madogara a ingantattun ruwayoyi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne misalin da aka zaɓa. Gwara ba ta da geza, ba ta da suna, ba wanda zai biya ko kwabo don ya ɗauki hotonta, kuma namanta bai kai loma biyu ba. Duk da haka ita aka sa a ma'auni, domin a san cewa abin da ya fi ta ya fi cancantar tambaya. Sannan siffar da aka hana, wato raba kai da jiki a watsar, ita ce ainihin abin da aka yi a Hwange, bambancin kawai shi ne a can jikin aka yar, aka tafi da kan.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya taɓa wucewa ta wurin wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, sun yi yarjejeniya da mai tsuntsun cewa duk kibiyar da ta kuskure tasa ce. Da suka hango shi sai suka watse. Ya tambayi wanda ya aikata haka, sannan ya sanar da cewa Manzon Allah (S.A.W) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. A duba da kyau, su ma waɗannan samarin sun biya. Mai tsuntsun ya yarda, yana ma samun riba. Amma biyan kuɗi da yardar mai dukiya ba su kare su daga la'ana ba. Idan muka ɗora wannan a kan abin da ke faruwa a Afirka ta Kudu, inda ake kiwon zakuna kusan 8,000 a cikin shinge, ana sakin wasunsu a killataccen fili domin baƙo ya harbe su ba tare da suna da hanyar tsira ba, ba ma buƙatar dogon ƙiyasi. Anas ɗan Malik (R.A) ya ruwaito hani ƙarara kan tsare dabba domin a harbe ta. Gwamnatin ƙasar ma ta sanar tun 2021 cewa tana nufin kawo ƙarshen wannan kiwo.

Sai batun yadda aka yi kisan. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu (R.A) an wajabta kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka, aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Maharbin gargajiya da ba shi da makami sai kwari da baka yana da uzuri idan kibiyarsa ta kuskure makasa. Amma attajirin da ke da ikon riƙe bindigar da za ta kashe cikin ƙiftawar ido, ya ajiye ta ya ɗauki baka domin sunansa ya shiga kundin gwanayen harbi, shi ya sayi alfaharinsa ne da sa'o'in azabar da dabbar za ta sha.

Game da fatar kuwa, amana ta sa mu faɗi cewa akwai saɓani. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito hani kan amfani da fatun namun daji masu farauta, da hawa kan fatar damisa. Mazhabarmu ta sassauta, ta yarda a sayar da irin wannan fata har a yi salla a kanta idan an yanka dabbar. Sai dai daga cikin dalilan da masu sharhin hadisi suka bayar na hanin akwai cewa shimfiɗa fatar damisa ɗabi'ar masu girman kai ce da jabberai. Wanda ya nemi fata don ya yi shimfiɗa ko ya sayar ya ci abinci, yana da inda zai raɓa a fiƙihu. Wanda ya tsallako teku domin ya ɗora ƙafa a kan gawar zaki a ɗauke shi hoto, shi da kansa ya riga ya bayyana niyyarsa.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi. Amma masu kare wannan farauta suna da hujjar da ba za a ture ta da hannu ɗaya ba, kuma da yawansu 'yan Afirka ne da ke zaune da dabbobin. Wani bincike na 2007 ya ƙiyasta cewa filayen da aka keɓe don irin wannan farauta a Afirka kudu da Sahara sun kai murabba'in kilomita miliyan 1.4, wato sun fi gandayen dajin gwamnati faɗi. Yawancinsu wurare ne masu nisa da ƙudan tsando, waɗanda mai ɗaukar hoto ba zai je ba. Idan kuɗin maharba ya yanke, in ji su, gatari da garma da garken shanu ne za su shiga, kuma manomin da zaki ya kashe wa saniya zai zuba guba a mushen, wadda za ta hallaka garken zakuna duka har da ungulaye. Suna kafa hujja da Kenya, wadda ta haramta farauta tun 1977 amma namun dajinta suka ragu matuƙa, ko da yake dalilan raguwar suna da yawa. A 2014 wani Ba'amurke, Corey Knowlton, ya sayi lasisin harbin baƙar karkanda guda a Namibiya a kan dala 350,000 a wajen gwanjo. Hukumomi sun ce tsohon namiji ne da ya daina haihuwa yana kuma kashe ƙanana, kuma kuɗin asusun kare namun daji za su shiga. A Pakistan, ƙasar Musulmi, ana ba da lasisi 12 a shekara na harbin wata akuyar dutse mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira markhor, kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana zuwa ga ƙauyukan yankin. Mutanen da a da suke kashe ta a ɓoye suka koma masu gadinta, har a 2015 aka sassauta matsayinta a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Botsuwana ce ta fi ɗaga murya. Tana da giwaye kimanin 130,000, fiye da kowace ƙasa a duniya, suna cinye gonaki suna tattake mutane. Ta hana farauta a 2014, ta janye hanin a 2019. Da Jamus ta fara maganar tsaurara shigo da kawunan dabbobi a 2024, shugaban ƙasar na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu da giwaye 20,000 su zauna da su su ji yadda abin yake.

A nan muna ganin dole a raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗa su. Ta farko tana kan hukuma da mutanen ƙauye. Shari'a ba ta taɓa fifita ran dabba a kan ran mutum ba. An yi izinin kashe dabbobi masu cutarwa ko a cikin Harami, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya shigar da zaki da damisa da kyarkeci cikin ma'anar kare mai cizo da hadisi ya ambata. Ƙauyen su Nzou ba su yi laifi ba da suka yi murna. Haka nan idan masana suka tabbatar wa shugaba cewa rage wasu dabbobi ƙalilan ne zai tsare saura ya kuma kare gonaki, yana da faffaɗan fili a babin maslaha da zaɓar mafi sauƙin cuta biyu. Tambaya ta biyu kuwa tana kan mai jan kunamar bindiga, kuma ita ba ta sauyawa don an gina aji ko an haƙa rijiya da kuɗinsa. Mai yiwuwa ne aiki ya haifar da amfani ga jama'a alhali mai aikin yana ɗauke da zunubin niyyarsa. Mutumin da zai iya ba da dala 350,000 don karkanda ta rayu, amma ya ce ba zai bayar ba sai an bar shi ya kashe guda da hannunsa, ya gaya mana abin da ya zo saya.

Ita ma maslahar tana da sharuɗɗa, ba kalma ce da ake jefawa a rufe baki ba. Dole amfanin ya tabbata, ya kuma isa ga waɗanda ake faɗa da sunansu. A wurare da dama ƙorafin mutanen karkara shi ne kamfanonin farauta da jami'ai ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Masu binciken Hwange ɗin nan sun nuna cewa harbe manyan mazan zakuna yana buɗe ƙofa ga baƙin maza su karɓe garke su kashe 'ya'yan da suka tarar, sai kibiya ɗaya ta ci rayuka da dama. A tarihinmu akwai abin koyi kan yadda ake keɓe daji. Manzon Allah (S.A.W) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (R.A) kuma ya keɓe Rabaza. Umarnin da Umar ya ba mai tsaron makiyayar, kamar yadda Bukhari da Malik suka ruwaito, shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kiyayi garkunan Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu suka hallaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. A yawancin filayen farautar yau an juya wannan tsari, attajirin ne ke shiga da lasisi, ɗan ƙauyen da ya ɗana wa gada tarko don miyar gidansa shi ake kira ɓarawon daji.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwo na Turawa ne kaɗai. Duk hunturu wasu manyan ƙasashen Larabawa kan sauka a Pakistan da shahunansu don farautar tsuntsun hubara, dangin tuje, wanda yawansa ke raguwa. A 2014 jaridar Dawn ta ƙasar ta ruwaito rahoton wani jami'in gandun daji cewa tawagar wani yarima daga Saudiyya ta kashe kimanin 2,100 cikin makonni 3, alhali lasisin 100 ya yarje. Kotun ƙolin ƙasar ta hana farautar a 2015, ta janye hanin a farkon 2016 bayan gwamnati ta ce lamarin ya shafi hulɗarta da ƙasashen waje. Naman hubara halal ne, kuma mai yiwuwa an ambaci sunan Allah a kan kowane ɗaya. Amma bisimilla ba ta halatta almubazzaranci. A ɗaya gefen, Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa a 2014 da ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, abin da ke nuna cewa malamai na iya shiga wannan fage idan sun ga dama.

Mu ma a nan gida muna da abin dubawa. Maharbinmu na gargajiya nama yake nema, wannan kam mun shaide shi. Amma gayyar farautar rani, wadda ake cinna wa daji wuta, a kashe mai ciki da mai shayarwa, wani lokaci a ƙare da sare-sare tsakanin 'yan farauta kan wa ya fara bugu, akwai fariya a cikinta fiye da yunwa. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kaf ba su wuce kimanin 400 ba, giwayen Yankari kuma tsakanin 100 ne zuwa 150. Sunayen zaki da giwa sun cika kirarin sarakunanmu, dabbobin kuwa sun kusa ƙarewa a dazukanmu. A Kure da ke Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, amma da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka tsare su, sai ga su sun haura 600, ba tare da an sayar da kan ko ɗaya ba.

A Hwange kuwa, shekara 2 bayan mutuwar Cecil, a watan Yulin 2017, wani maharbin ya harbe ɗansa mai suna Xanda, ɗan shekara 6, a wajen iyakar gandun, ba nisa da inda uban ya faɗi. Shi ma yana da garke da 'ya'ya, shi ma akwai na'urar masu bincike a wuyansa. Takardun farautar sun cika, ba a tuhumi kowa ba, hayaniyar kuma ba ta kai ta farko ba. Jagoran maharban ya cire na'urar ya mayar wa masu ita.